Igiyar da Lantana Ta Fito da Ita daga Dutsen Tsagi

Ranar da Lantana ta ga hannun ɗanta a cikin ruwa, shekara shida ke nan da aka yi zaman makokinsa ba tare da an ga gawa ba.

Lantana mai tuwo ce a Jos, rumfarta na bakin tasha, ta ba hamsin baya. 'Ya'yanta mata uku duk suna ɗakunan mazajensu. Namiji ɗaya Allah ya ba ta, autanta Cindo, wanda aka haifa da yatsu shida a hannun dama. Cindo ya tashi da son hawan dutse. Shi da abokinsa Barau ne suka fara ɗibar mutanen birni ranar Asabar, ma'aikatan ofis da ɗalibai da masu son shan iska, su kai su gindin Dutsen Tsagi, tafiyar rabin sa'a a mota. A can suke kafa musu tantuna, su gasa musu nama, da safe su hau da su sama su hango garin shimfiɗe kamar tabarma. Abu ɗaya ya hana sana'ar ci gaba: babu ruwa a wurin ko na alwala. A jarka suke ɗauko shi daga gari, kuma baƙon da ya zo sau ɗaya ya sha ƙishirwa ba ya dawowa.

Wata Lahadi Barau ya dawo shi kaɗai, riga a yage. Ya durƙusa gaban Lantana yana kuka, ya ce Cindo ya zame ya faɗa wata tsaga mai zurfi. Aka yi kwana tara ana nema, aka haƙura. A makon da aka daina neman ne ruwa ya ɓullo a gindin dutsen, garai-garai, mai sanyi kamar na randa, rani da damina ba ya ƙafewa. Daga nan Barau ya bunƙasa. Tanti huɗu suka koma arba'in, ya sayi motoci biyu, wurin ya zama Zangon Barau. Duk salla sai ya kawo wa Lantana buhun shinkafa, ya zauna ya ci tuwonta kamar yadda ya saba tun yana yaro, tana sa masa albarka. Amma ita ba ta taɓa yarda ta taka gindin dutsen ba.

Sai a bazarar shekara ta shida mai dafa masa abinci ya kwanta ciwo, ga manyan baƙi sun cika zango. Barau ya zo har rumfa ya ce, "Inna, ki rufa mini asiri. Kwana biyu ne kawai." Ta ji nauyinsa, ta ɗaure tukwanenta ta bi shi.

Ta kwana a ɗan ƙaramin tanti kusa da murhu. Da gari ya waye ta yi salla, ta ɗauki bokiti ta nufi idon ruwan. Ta tsoma bokitin ya cika, ta yunƙura za ta ɗaga, bayanta ya ƙi. Sai ta ji nauyin ya ragu, kamar ana tallafa mata daga ƙasa. Ta leƙa. Hannu ne a ƙarƙashin bokitin, na dama, mai yatsu shida, ga tabon wuƙar yankan kuɓewa a babban yatsa, wanda ita da kanta ta ɗaure da tsumma shekara ashirin da suka wuce.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ajiye bokitin a kan dutse, ta gyara ɗaurin zaninta ta ƙara tamke shi, ta yi bisimilla ta taka cikin ruwan. Ruwan da bai kai gwiwa ba ya haɗiye ta gaba ɗaya.

Ta buɗe ido ta gan ta a tsaye kan wata matakala, jikinta a bushe, ruwan yana sama da kanta kamar rufin ɗaki. A ƙarshen matakalar wani guza ne kwance ya tare hanya, girmansa ya kai kwalekwale, da zoben azurfa a hancinsa. Ya ɗaga kai a hankali.

"Ke 'yar Adam, wa ya kira ki ƙasar da ba a kiran irinku?"

"Hannun ɗana ne ya kira ni," in ji Lantana. "In kai ne mai ƙofa, ina neman izini. In ba kai ba ne, matsa in wuce."

Guzan ya daɗe yana kallonta. "Ni ne mai ƙofa, kuma ba na hana uwa. Amma ki saurara. Gabanki akwai Kwarin Muryoyi. Duk maganar da aka taɓa yi a jikin dutsen nan tana can a rataye. Za ki ji abin da kike so, za ki ji abin da ba ki so. Kada ki amsa ko ɗaya. Wanda ya amsa, muryarsa ta rataye a can, shi kuma ya tsaya a ƙarƙashinta har abada."

Ya janye wutsiyarsa, ta wuce.

Kwarin dogo ne, matsattse, muryoyi na rataye a bangonsa kamar jemagu, baƙaƙe da farare. Duk wadda ta gifta sai ta buɗe fukafukai ta yi magana. Ta ji dariyar 'yan birni a bakin wuta, ta ji masu gardamar ƙwallo, ta ji wani yana yi wa matarsa ƙarya a waya cewa yana wurin taro. Ta yi ta tafiya har ƙafafunta suka fara zafi. Can sai wata babbar murya ta buɗe a saitin kanta, ta Barau ce, ba ko shakka.

"Ranki ya daɗe, ruwa nake so a gindin dutse."

Wata murya mai nauyi ta mace ta amsa masa, "Rijiyarmu na da ruwa, hannun ja ne babu. Kawo mana hannun ɗan Adam, guga ɗaya namu, guga ɗaya naka."

"Zan kawo."

Lantana ta tsaya cik. Muryar da ke gaba ta buɗe, Barau ne kuma, wannan karon yana dariya. "Cindo, ka ga rijiyar da na gaya maka? Riƙe mini igiyar nan in gyara takalmina."

"To, kawo," in ji muryar ɗanta.

Daga nan har ƙarshen kwarin murya ɗaya ce a rataye, ɗaruruwa, jere a bango biyu. "Inna. Inna. Inna." Wata da ƙarfi, wata a dishe, wata da kuka irin na yaron da ya farka bai ga kowa ba. Amsa ta taso mata har maƙogwaro. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije, ta sunkuyar da kai ta ratsa su. Da ta fita kwarin ta zare mayafin, ya jiƙe da jini. Hawaye ko ɗigo bai zubo mata ba. Wani abu ne ya kama a ƙirjinta, yana ci kamar gawayin kirya.

Hanya ta kawo ta bakin wani kogi da babu ruwa a cikinsa, yashi ne ke gudu yana ƙugi, yana juya ƙasusuwan waɗanda suka gwada tsallakawa. A gaɓar kogin wani ƙato ne zaune, kansa ɗaya, bakunansa bakwai, duka a bushe sun tsage. Gabansa akwai tukunya da ƙwaryar garin dawa da muciya.

Bakunan suka yi magana tare. "Maraba da baƙuwa. Shekara ɗari uku nake zaune da garin nan. A ƙasarmu babu wuta, babu itace. Wanda ya tuƙa mini tuwo, in goya shi in tsallakar da shi. Wanda ya kasa, kogi na jiransa."

"Akwai ruwa a tukunyar?" in ji Lantana.

"Akwai."

Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗauki tukunyar ta rungume ta a ƙirji. Ta rufe ido ta tuna Barau a rumfarta ranar sallar bara, yana suɗe yatsu, yana cewa, "Inna, duk garin nan babu mai miyar kuka irin taki." Ta tuna hannunta a kan kansa tana sa masa albarka. Ta tuna ruwan da ta sha jiya da yamma har kofi biyu, tana yaba sanyinsa. Tukunyar ta fara tsuwa. Kafin ta gama tuna buhunan shinkafar da ta karɓa tana godiya, ruwa na tafarfasa yana tsalle. Ta yi talge, ta zuba gari, ta tuƙa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da tukunyar a ƙirjinta, har tuwo ya yi sulɓi ya nuna.

Ƙaton ya ci da bakuna bakwai, bai bar ko ƙanzo ba. Ya share fuska ya ce, "Na ga masu ƙarfi, na ga masu asiri, ban taɓa ganin mai ɗauke da wutarta a jiki ba. Ban so in zama wanda aka hura ta dominsa. Riƙe muciyar, kin fi ni sanin amfaninta."

Ya goya ta ya shiga kogin. Yashi na yankan cinyoyinsa kamar zarto, yana nishi da bakuna bakwai, har ya dire ta a ɗaya gaɓar.

Nan ta ga birnin. Gidajensa a rataye suke daga rufin dutse, kai ƙasa, kamar sheƙar tsuntsaye, wasu duwatsu masu haske na haskaka tituna. Mutanensa dogaye ne, launin toka, in suna tafiya gaɓoɓinsu na ƙara kamar ana niƙa. Ba wanda ya tare ta. Suka dare mata hanya har tsakiyar gari, inda wata rijiya take, bakinta ya kai faɗin masussuka.

A bakin rijiyar wani mutum ne tsaye yana jan igiya. Gemu ya sauko masa har ƙirji, kafaɗunsa sun yi faɗi, tafin hannunsa ya zama kamar ƙirgi. In guga ya iso sai ya juye a kwata ta hagu, ruwan ya gangara cikin birni. Na biye ya juye a ta dama, ruwan ya hau sama yana gudu kamar an kira shi. Daga gwiwarsa zuwa ƙasa ba nama ba ne, dutse ne, ya haɗe da daɓen wurin.

"Auta," in ji Lantana.

Bai daina ja ba, don ba ya iyawa. Ya juyo da fuska kawai. "Inna. Na ga inuwarki a kan ruwa da safe, na ce ko idona ne. Bayan naki har yanzu yana damunki?"

Ta matsa kusa da shi. Ta miƙa hannu za ta karɓi igiyar, ya goce da sauri.

"Kada ki taɓa, Inna. Wanda ya riƙe, shi ke nan."

"Gaskiya ya gaya miki," in ji murya mai nauyin nan da ta ji a kwari.

Lantana ta juya. Wata mace ce zaune a kan bayan wani ƙaton kunkuru, gashinta saiwoyin itace ne sun zubo har ƙasa, idanunta farare kamar ƙanƙara. Mutanen birnin duk suka zube.

"Ni ce Magajiyar Dutse. Ke ce kika ratsa kwarina baki rufe, kika ciyar da mai bakuna bakwai. Faɗi buƙatarki."

Lantana ta rusuna kaɗan, ba ta kai ƙasa ba. "Ranki ya daɗe, ɗana na zo ɗauka. An kawo miki shi da yaudara."

"Yaudara tsakaninku ce, 'yan Adam. Mu hannu muka nema, aka kawo mana. Hannuwanmu na dutse ne, in mun kama igiya sai ta tsinke. Ba ruwanmu da hannun wane ne, amma igiyar nan ba ta kwana babu mai riƙo. Ba ta barin hannu sai wani hannun ya kama ta da son ransa. Wanda ya miƙa ta kuma shi ke yanka wa'adi. Mutuminku bai yanka ba, ya juya ya tafi."

"In wanda ya kawo shi ya kama fa?"

"Hannu hannu ne. Amma ba zai zo ba. Ya san rijiyar, ya san igiyar."

Lantana ta dubi tarin igiyar da ke naɗe a bayan Cindo. Fara ce, murɗaɗɗiya, ba ta da maraba da wadda ake ɗaure tanti da ita.

"Ranki ya daɗe, ina iyakar tsawonta?"

"Iyakar inda aka kai ta."

"Wanda ya ɗauke ta da sanda, ya riƙe ta?"

Wani abu mai kama da murmushi ya tsaga fuskar Magajiya. "Sanda ba hannu ba ce."

Lantana ta zura muciya ta naɗo bakin igiyar, ta murɗa sau bakwai har ya kama. "Saura abu ɗaya. Ina son iska, irin wadda ke tumɓuke rumfa."

Magajiya ta ɗaga yatsa, aka kawo wani ɗan gora baki toshe da kakin zuma, yana rawa shi kaɗai. "Ga ta. Amma wannan ba kyauta ba ce. Mu mutanen dutse muna jin labarin gishiri da yaji da zuma, ba mu taɓa sanin su ba. Ki ba ni ɗanɗanon harshenki."

"Inna, da shi kike ci," in ji Cindo. "Kada ki yarda."

"Ja ruwanka, Auta. Ba da kai ake magana ba."

Ta matsa ta buɗe baki. Magajiya ta ɗora mata yatsa mai sanyi a harshe. Ko ɗanɗanon jinin da ke bakinta sai ta ji ya ɗauke, kamar an hure fitila. Magajiya ta lumshe ido tana tauna iska, ta ce, "Ashe haka kuke rayuwa. Tafi, 'yar Adam. Hanya a buɗe take."

Lantana ta soke goran a ƙugu, ta saɓa muciya a kafaɗa, igiya na binta a baya tana warwarewa. Mai bakuna bakwai ya tsallakar da ita bai tambaye ta komai ba. A Kwarin Muryoyi ta wuce kai tsaye. Guza ya ga igiyar, ya janye wutsiya tun kafin ta iso, ya ce, "Na so a ce ina da izinin leƙawa sama yau."

Ta ɓullo daga idon ruwan. A lissafinta ta yi kwana uku, amma a zango la'asar ce ta ranar da ta shiga ruwan. Baƙi sun sauko daga hawan dutse, sun taru a babban tanti mai ɗaukar mutum sittin, ana ta hira ana ɗaukar hoto. Barau na tsaye a bakin murhu da ya mutu, ransa a ɓace. Yana hango ta ya taho.

"Haba Inna, ina kika shiga tun safe? Sai burodi da shayi na ba mutane. Kin san ko su waye a cikin tantin nan?"

Ta dube shi. Ya yi ƙiba, ga agogo mai tsada, ga takalmin hawan dutse sabo fil. Ta ce, "Yi haƙuri, ɗana. Ruwa na je ɗebowa, na daɗe. Yanzu za ka ga aiki."

Ya juya yana gunaguni. Igiyar na kwance cikin ciyawa, bai lura da ita ba. Lantana ta zagaya bayan babban tantin, ta tsaya kusa da turken kusurwa, ta zaro goran ta fasa shi da dutse.

Iskar ta fito da ƙugi. Nan take sama ta yi duhu, ƙananan tantuna suka tashi kamar kaji, kujeru suka yi ta birgima, faranti na yawo a sama. Babban tantin ya kumbura, turakunsa suka fara tumɓukewa ɗaya bayan ɗaya, mata da maza na ihu a ciki. Igiyar kusurwar da Lantana ke tsaye ta tsinke, gefen tantin ya ɗaga sama yana kaɗawa.

Wani baƙo mai farin gashi ya fito da rarrafe, ya ga igiya a kan muciyarta, ya kawo hannu zai taimaka. Lantana ta kauce, ta sa kafaɗa ta ture shi ya faɗi zaune. "Koma ciki, Alhaji. Wannan ba taka ba ce."

Sai ga Barau a guje, hula ta tafi, yana daka wa ma'aikatansa tsawa. Ya ga kusurwar na shirin tashi da tantin gaba ɗaya, ya ga tsohuwa tsaye da igiya a kan sanda.

"Inna, ja ta ƙasa."

"Hannuna ba ƙarfi," in ji Lantana. Ta miƙa masa muciyar. "Riƙe mini igiyar nan, Barau."

Ya cafke igiyar da hannu biyu.

Iskar ta tsaya kamar an rufe ƙofa. Tantin ya sauko a hankali ya zauna. Barau ya yi ajiyar zuciya, ya buɗe hannu zai saki, hannun ya ƙi buɗuwa. Ya dubi igiyar. Ya bi ta da ido cikin ciyawa, ya ga ba ta nufi tanti ba, ta miƙe ne zuwa idon ruwa. Fuskarsa ta zama toka.

"Inna," ya ce a hankali. "Inna, ki tsaya in yi miki bayani."

"Na ji bayaninka da bakinka. Takalmin ya gyaru?"

Igiyar ta miƙe ta yi tauri, ta fizge shi ya faɗi. Ta fara jansa a kan tsakuwa, yana turjewa da dugadugai. Lantana na biye da shi a gefe, ba ta sauri.

"Na ci tuwonki tun ina yaro. Ina da 'ya'ya, Inna. Don Allah."

"Ni ma ina da ɗa. Na ji shi yana kirana, na ƙirga har na gaji. Kai kana rumfata kana neman ƙarin miya."

Ya riƙe wani kututture da ƙafafu, kututturen ya tumɓuke. Da suka isa bakin ruwan, muryar Magajiya ta taso daga ƙasa, su biyu kaɗai suka ji ta. "Mai miƙawa, yanka wa'adi."

Barau ya ɗaga ido yana kallonta, ruwa ya kai masa ƙirji. "Shekara shida, Inna. Yadda ya yi. Na yarda da shida."

Lantana ta tsuguna har fuskarta ta yi kusa da tasa. "Shekarun ba su ne kawai ka ɗauka ba. Za ka ja har ranar da ƙafafun ɗana za su koma nama."

Ruwan ya rufe kansa.

Baƙi da ma'aikata suka iso a guje, suka tarar da ruwa kwance bai kai gwiwa ba, tsakuwa na ƙyalli a ƙasansa. Suna cikin laluben Barau da sanduna sai wani mutum mai dogon gemu ya ɓullo, ya kama gaɓa ya jawo jikinsa waje da ƙarfin damatsa, ƙafafunsa na karo da duwatsu suna ƙara. Mutane suka ja da baya. Lantana ta cire mayafinta ta yafa masa, ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta. Sai a lokacin ta yi kuka.

An yi ta magana a gari. Wasu suka ce guguwa ce ta ɗauke Barau, wasu suka ce rami ne a ƙarƙashin ruwan. An nema, ba a samu ba. Zangon ya koma hannun 'yan'uwansa, har yau mutanen birni na zuwa ranar Asabar su kafa tanti su sha ruwan, sai dai tsofaffin baƙi na cewa ya rage sanyi, kuma wani lokaci yana zuwa a hankali kamar mai jansa ya gaji.

Lantana ta koma rumfarta. Makon farko masu ciniki suka fara ture kwano, yau gishiri ya yi yawa, gobe babu shi sam. Sai Cindo ya sa aka ɗauko shi aka zaunar da shi a bakin murhu. Shi ke tuƙa tuwo da damatsan nan nasa, shi ke ɗanɗana miya ya ce a ƙara daddawa ko a rage. Ciniki ya dawo. Likitoci sun duba ƙafafun sun girgiza kai, masu magani sun gwada nasu sun gaji. Ita dai kullum bayan la'asar sai ta ɗauko man kaɗe, ta ɗora ƙafafun a cinyarta ta yi ta shafawa, dutse na shan mai.

A shekara ta uku, wata ranar Talata, tana cikin shafawa Cindo ya riƙe numfashi.

"Inna, danna nan kuma."

Ta danna ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Ya lotsa. Ta ƙura masa ido, ta ga ya yi baƙi irin na fata, har da ɗan farce. Ya motsa shi, ya motsu.

Tukunya na tafasa a gefe.

"Kin san abin da wannan ke nufi," in ji Cindo. "Ranar da suka warke duka, zai fito."

"Na sani."

"In kina so ki daina shafawa, ba zan ce komai ba. Na saba da zama."

Lantana ta dube shi kamar za ta mare shi. Ta lakato mai da yawa fiye da kullum, ta mulka a tafin hannu.

"Shekara uku, yatsa ɗaya," ta ce. "Saura tara, ga dunduniya, ga ƙwauri, ga gwiwa. Zai ja ruwa har ya manta sunansa. Kai kuma sai ka taka ƙasa da ƙafarka ko bayan raina ne. Miƙo mini ta daman."

Ya sa hannu biyu ya ɗago ta, ya ɗora mata a cinya.